Tudun da Ya Koma Gwangwani

Ni mai zanen allon shago ne a Dilimi.
Kifi, kan aski, tayar mota,
su suka ci da ni shekara ashirin.
Sai ga Malama Kangyang da kwali shida a hammata:
"Tanimu, zana mana Jos tun ba ta da tabo.
Yarana sun ɗauka da kududdufi aka halicci ƙasa."

A shafin farko na kashe kore har ya ƙare.
Tudu, acca ta nuna ta sunkuyar da kai,
shingen ƙyarana, 'yar akuya tana leƙe,
rafi siriri kamar zaren ɗinki.
Ban taɓa ganin wurin ba.
A bakin kakata na kwaso shi,
ita ma da ta faɗa sai ta yi shiru.

Na biyu, mutane da kwanon kuza a ka,
jere kamar tururuwa ta sami gero.
Kakana na nan, na huɗu daga hagu,
na ba shi takalmin da bai taɓa sawa ba.
Na uku, injin nan mai dogon wuya,
yana cin ƙasa ba bisimilla,
lomarsa guda ta fi ɗakinmu.
Na huɗu ja ne kawai. Rami.
Na biyar, ruwa ya cika shi ya yi lamo.

Ran Talata na kai musu Bukuru.
Yara arba'in da bakwai, benci tara,
tagar ajin tana kallon ruwan.

Barmani, mai giɓi, ta ɗaga hannu:
"To tudun ina ya je?"
Na ce ya hau jirgin ƙasa, ya ƙetare teku,
aka narka shi, aka shafe gwangwani da shi.
Dalyop ya faɗi ƙasa don dariya.
Tudu a gwangwani!

Nanret ta ɗauko shuɗi za ta gyara min ruwa,
na riƙe hannunta.
Bar shi da korensa mai duhu, 'yata,
wannan ruwan ba a san gindinsa ba.
Shi ya ci ƙanena Gambo yana shekara tara,
riga kawai ya bar mana a baki, a ninke.
Wannan ban zana ba.
Har yau hannuna ya ƙi.

Mako ya zagayo, ga Barmani da gwangwanin madara,
ta huda gindin da ƙusa,
ta cika shi da ƙasar bayan aji,
ta binne kalwa uku.
"Ga tudun ya dawo," in ji ta,
"na mayar masa da ƙasarsa."

Kafin Juma'a taga ta cika:
na tumatir, na kifi, na madara, har na fenti nawa.
Sha ɗaya suka tsiro.
Akuyar maigadi ta cinye huɗu.
Dalyop, mai dariyar nan, ya yi kuka har da majina,
sannan ya buɗe shafin farko, ya duba,
ya je ya saro ƙyarana ya yi shinge.

Kwali na shida fari na bar shi.
Malama ta ce, "Mantuwa ka yi?"
Na ce fenti ne ya ƙare.
Ƙarya nake. Launin ne ban sani ba.

Tsiro bakwai, ramuka kuwa wa ya ƙirga?
Ɗorawa ba ta san sauri ba,
mai yiwuwa inuwarta ba za ta same ni ba.
Amma jiya na bi ta wajen da tsani a kafaɗa,
na hangi Barmani a tsugune, tana awo da tsinke.
Ta ƙwala min kira ta saman shinge:
"Mai zane! Ta ƙaru da rabin farce!"